Sauƙaƙa Saƙonnin Kuskure na Jadawalin Lissafi ga Sabon Hannu: Misali daga Tambuwal da Kebbe

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce ta tattauna wata matsala wadda ake yi wa kallon ƙarama, alhali tana tare da kusan duk ma'aikacin da aka ɗora wa aikin lissafi da kwamfuta ba tare da cikakken horo ba. Matsalar kuwa ita ce ta alamomin nan da jadawalin lissafi yake fitarwa idan lissafi ya ci tura, irin su #DIV/0! da #N/A da #VALUE!. Wanda ya goge, da ya gan su ya san inda aka kwana. Sabon hannu kuwa sai gabansa ya faɗi, ya zaci ya ɓata na'urar, ko kuma ya share alamar ya rubuta adadin da yake jin ya dace, don kada a ce bai iya aiki ba.

Mun ɗauki ƙananan hukumomin Tambuwal da Kebbe a matsayin misali. Su biyun suna kudancin Jihar Sakkwato, cikin ƙananan hukumomi 23 na jihar, kuma mazaɓa ɗaya suka haɗa a Majalisar Wakilai ta Tarayya. Tambuwal tana bisa babbar hanyar Sakkwato zuwa Jega, ita kuwa Kebbe ta yi iyaka da jihohin Kebbi da Zamfara. Malamin makaranta ko ma'aikacin lafiya da ke Dogon Daji ko Jabo ko Kuchi ba kullum yake da masani a kusa wanda zai tambaya ba, ga kuma wa'adin miƙa rahoto ba ya jira.

Kafin mu yi nisa, ya kamata mu bayyana kalmomin da za mu yi aiki da su. Jadawalin lissafi shi ne shafin nan na kwamfuta mai layuka a tsaye da kwance, irin na Excel da Google Sheets. Kowane ɗan akwati da ke cikinsa mun kira shi gurbi. Lissafin da ake rubutawa cikin gurbi mun kira shi ƙa'ida. Kalmomin da kamfani ya tanada don yin wani aiki, kamar SUM mai tara adadi, mun kira su umarni. Wanda mai aiki ya ƙera da kansa ya raɗa masa suna kuwa, shi muka kira umarnin gida. Abin da muke son tabbatarwa shi ne, aikin umarnin gida fassara kuskure ne da nuna hanyar gyara shi. Duk umarnin da ya ɓoye kuskure ya fi alamar Turancin da ya kawar illa.

2.0 Jadawalin Lissafi da Alamominsa

Jadawalin farko da ya yaɗu a ƙananan kwamfutoci shi ne VisiCalc, wanda Dan Bricklin da Bob Frankston suka fitar a Amurka a 1979. Lotus 1-2-3 ya biyo baya a 1983, Excel ya fito a 1985, sa'an nan Google ya kawo nasa na intanet a 2006. Alamomin kuskure na asali da Excel yake nunawa guda bakwai ne, kuma akwai wani umarni mai suna ERROR.TYPE da ya ba kowace lamba, kamar haka:

1. #NULL! An haɗa rukunin gurabe biyu da ba su gamu ba.
2. #DIV/0! An raba adadi da sifili ko da gurbin da babu kome.
3. #VALUE! An sa rubutu a inda ake bukatar adadi.
4. #REF! An share gurbin da ƙa'ida ta dogara da shi.
5. #NAME? An rubuta sunan umarnin da jadawalin bai sani ba.
6. #NUM! Adadin da aka nema ba mai yiwuwa ba ne.
7. #N/A An nemi abu a cikin jeri ba a samu ba.

Idan muka lura za mu ga kowace alama guntuwar kalmar Turanci ce, kuma sunan ciwon kawai take faɗa. Ba ta faɗin gurbin da ya jawo shi, ba ta faɗin magani. Har wa yau, ba dole ba ne alamar ta zo da Turanci, domin kamfanin ya fassara ta zuwa wasu harsuna. Ma'aikacin da ke Maradi mai aiki da Excel na Faransanci #VALEUR! da #NOM? yake gani, na Jamus kuwa #WERT! yake gani. Ma'aikacin Tambuwal na Turanci yake gani, ko da kuwa da Hausa yake tunani da magana da abokan aikinsa. Wannan giɓi shi umarnin gida zai iya cikewa ba tare da an jira kamfani ba.

3.0 Inda Ake Tuntuɓe

Galibin kurakuran sabon hannu ba daga rashin iya lissafi suke tasowa ba. Daga al'adar rubutu bisa takarda suke, wadda aka ɗauko aka kawo kan na'ura. Ga misalai huɗu.

Na farko, rubuta kuɗi. Mun saba sa harafin N gaban adadi, watau N5,000. Ga idon mutum wannan naira dubu biyar ce. Ga jadawali kuwa rubutu ne, ba adadi ba. Idan aka haɗa shi da wani gurbi da alamar tarawa, sai #VALUE! ta fito. Haka yake ga wanda ya buga harafin O a maimakon sifili, ko ya rubuta "bai zo ba" a gurbin makin ɗalibi.

Na biyu, rubuta sunaye. Umarnin VLOOKUP, idan aka ce ya nemo suna daidai wa daida, harafi ɗaya ya isa ya hana shi samu. Kebbe da Kebbi harafi ɗaya ya raba su, alhali ɗaya ƙaramar hukuma ce a Jihar Sakkwato, ɗaya kuma jiha ce da aka ƙirƙiro a 1991. Ana rubuta Tambuwal, ana kuma rubuta Tambawal. Mutum ɗaya yana iya zama Muhammadu a wannan jeri, Mohammed a wancan. Wani ya rubuta suna da ƙ mai lanƙwasa, wani da k. Ko fili ɗaya da aka bari a ƙarshen suna, wanda ido ba ya gani, ya isa. Duk waɗannan #N/A suke haifarwa.

Na uku, gurbin da aka bari ba a cika ba. Idan rahoton wata cibiya bai iso ba, kuma ƙa'ida tana rabawa da adadinta, #DIV/0! za ta fito. Na huɗu, share layi: mai aiki ya ga layin da ba ya bukata ya share, sai #REF! ta bazu a duk inda aka dogara da shi.

Akwai kuma kurakuran da ba sa fitar da alama ko ɗaya, kuma su suka fi haɗari. Umarnin SUM idan ya tarar da N5,000 a cikin jeri ba ya ƙorafi, tsallake shi yake yi ya ba da jimillar da ta gaza. Lambar waya ko lambar asusun banki mai farawa da sifili takan rasa sifilin nan. Ko manyan hukumomi ba su tsira ba. A watan Oktoba na 2020 hukumar lafiyar jama'a ta Ingila ta bayyana cewa sakamakon mutane 15,841 da suka kamu da cutar korona bai shiga rahoto a kan lokaci ba, saboda an yi amfani da tsohon nau'in fayil na Excel wanda ba ya ɗaukar fiye da layuka 65,536. Layukan da suka haura sun zube ba tare da an lura ba. Darasin da ke ciki shi ne, alamar kuskure taimako ce ga mai aiki, duk da munin kamarta.

4.0 Haɗarin Rufe Kuskure

Tun daga Excel na 2007 akwai umarni mai suna IFERROR, wanda yake cewa: idan kuskure ya fito, sa abu kaza a maimakonsa. Abin da aka fi koya wa sabon hannu shi ne ya sa sifili ko ya bar gurbin fayau, don shafi ya yi kyaun gani. Bari mu duba abin da wannan yake jawowa a aikin rigakafin yara, inda lissafi ya shafi rai.

Allurar Penta, wadda Nijeriya ta fara amfani da ita a 2012, tana kare yaro daga cututtuka biyar, ciki har da mashaƙo da ciwon hanta. Sau uku ake yin ta, a mako na 6 da na 10 da na 14 bayan haihuwa. Ɗaya daga cikin ma'aunan da ma'aikatan lafiya suke lura da su shi ne yawan yaran da suka fara ba su ƙarasa ba. Ana cire adadin Penta 3 daga na Penta 1, a raba da na Penta 1, a ninka sau 100. Idan sakamakon ya haura kashi 10 cikin 100, alama ce ta cewa akwai gyara a wannan cibiya. Muhimmancin wannan ma'auni ga Jihar Sakkwato ba ɓoyayye ba ne, domin binciken ƙasa na 2016 zuwa 2017 ya nuna kashi 33 cikin 100 na yaran Nijeriya ne suka sami Penta 3, a Sakkwato kuwa kashi 3 kacal. A 2017 hukumar kula da lafiya a matakin farko ta ƙasa ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan rigakafin yau da kullum.

Yanzu mu ƙaddara wani jami'i a Kebbe yana tattara rahoton cibiyoyi huɗu a jadawali kafin ya miƙa gaba. Adadin da za mu kawo na misali ne kurum. Cibiya ta farko ta yi wa yara 80 Penta 1, ta yi wa 60 Penta 3, watau kashi 25 ba su ƙarasa ba. Ta biyu kashi 20, ta uku kashi 15. Ta huɗu rahotonta bai iso ba, don haka #DIV/0! ta fito. Idan an rufe alamar da sifili, cibiyar da ba ta kawo rahoto ba ita za ta fito ta fi kowa ƙoƙari, kamar ba ta rasa yaro ko ɗaya ba. Bugu da ƙari, in aka ɗauki matsakaicin huɗun, zai sauko daga 20 zuwa 15. Mai duba rahoto zai tura masu sa ido zuwa cibiyoyin da suka yi aiki suka faɗi gaskiya, ya tsallake wadda ba a san halin da yaranta suke ciki ba. Babu wanda ya yi ƙarya da gangan, amma takarda ta yi ƙarya.

Haka abin yake a makaranta. Ɗalibin da ba a shigar da makinsa ba, in aka rufe gurbinsa da sifili, ya zama wanda ya faɗi jarrabawa, alhali takardarsa tana cikin aljihun teburin malami.

5.0 Hanyoyin Ƙera Umarnin Gida

Hanyoyi uku ne a buɗe, kuma kowace tana da sharaɗinta.

Hanya ta farko ita ce VBA, harshen ba da umarni da ya shigo Excel a 1993. Da shi ana iya ƙera kowane irin umarni, kuma yana aiki a tsofaffin kwamfutoci. Sai dai ba ya aiki a Excel na waya, kuma tun 2022 kamfanin Microsoft yake toshe irin waɗannan umarnai a fayilolin da aka sauko da su daga intanet, sai mai aiki ya buɗe da kansa. Har ila yau, wurin rubuta VBA ba ya karɓar ƙ da ɗ da ɓ kai tsaye.

Hanya ta biyu ita ce LAMBDA, wanda aka sanar a watan Disamba na 2020. Da shi ana rubuta ƙa'ida sau ɗaya, a raɗa mata suna, a riƙa kiranta kamar umarnin kamfani. Google Sheets ma ya kawo makamancinsa a 2022. Matsalarsa ita ce Excel na 2016 da na 2019 ba su san shi ba. In aka kai fayil ɗin kan tsohuwar kwamfuta aka sake lissafi, #NAME? za ta fito, watau magani ya zama cuta.

Hanya ta uku ita ce Apps Script na Google Sheets, wanda yake ba mai ƙira damar rubuta saƙonsa ya bayyana idan aka nuna gurbin. Amma sai da intanet yake aiki, abin da ba a da tabbacinsa a kowane ƙauye.

Saboda haka shawararmu ita ce a fara duba na'urar da ke hannun mai aiki kafin a zaɓi hanya. Inda ake shakka, a yi amfani da tsofaffin umarnai waɗanda kowane Excel ya sani. A ce lissafi yana gurbin D2. Sai a buɗe sabon layi na tsaye kusa da shi, a sa masa suna "Bayani", a rubuta:

=IF(ISERROR(D2),INDEX(Sako!A1:A7,ERROR.TYPE(D2)),"")

Ma'anar wannan ita ce: in akwai kuskure a D2, duba lambarsa, ka je shafin da aka kira Sako ka ɗauko saƙon da ke kan wannan lamba, in babu kuskure, ka yi shiru. A shafin Sako ne za a jera saƙonni bakwai da Hausa, kuma a kulle jerin da alamar dala kafin a kwafi ƙa'idar zuwa sauran layuka. Inda akwai LAMBDA, sai a naɗe wannan duka a raɗa masa suna FASSARA, mai aiki ya rubuta =FASSARA(D2) kawai.

Muna jaddada abu biyu game da wannan tsari. Na farko, alamar asali tana nan a gurbinta ba a taɓa ta ba. Dalili kuwa shi ne, da an maye gurbinta da saƙon Hausa, da SUM da AVERAGE sun ɗauke shi rubutu sun tsallake shi, jimilla ta fito kamar babu abin da ya faru. Barin alamar yana hana jimilla fita har sai an gyara. Na biyu, ajiye saƙonni a shafi dabam yana ba da damar rubuta su da haruffa masu lanƙwasa, da gyara su ba tare da an taɓa ƙa'ida ba, da mayar da su Fulatanci ko rubutun ajami inda ake bukata.

Mataki na gaba shi ne umarnin da ya san aikin da ake yi. Ga lissafin rigakafi, ana iya ƙera umarni mai suna DUBA wanda zai bi tambayoyi bi da bi. Shin an cika gurbin Penta 1? In an cika, adadi ne ko rubutu? Shin an cika na Penta 3? Wannan tambaya ta uku wajibi ce, domin gurbin Penta 3 in babu kome jadawali sifili yake ɗaukarsa, ya ba da kashi 100 ba tare da wata alama ba. Shin Penta 3 ta fi Penta 1 yawa? Hakan yana iya faruwa, amma ya cancanci a sake duba rajista. Da wannan umarnin gida ya kama har kurakuran da jadawalin kansa ba ya gani. Daga ƙarshe a sa gurbi ɗaya a saman shafi mai ƙirga saƙonnin da suka fito, yana cewa, alal misali, "Saura gyara 3 kafin a miƙa".

6.0 Yadda Za A Tsara Saƙon

Ƙera umarni aikin masanin kwamfuta ne, amma tsara saƙon aikin masanin harshe ne, kuma a nan mahalarta wannan taro suke da ta cewa. Muna ba da shawarar ƙa'idoji huɗu.

Ta farko, saƙo ya faɗi abin da ya faru, da inda ya faru, da abin da za a yi. "Akwai kuskure" bai ƙara wa mai aiki kome ba. "Ba a cika adadin Penta 1 ba. A nemi rahoton cibiyar, kada a sa sifili" ya gama magana.

Ta biyu, saƙo ya guji ɗora laifi. Hausa ta tanadar mana lamirin nan na "a" da "an", wanda yake ba da umarni cikin ladabi ba tare da nuna yatsa ba, kuma ya hutar da mu zaɓi tsakanin "ka" da "ki". "An sa harafi a gurbin adadi" ya fi "ka yi kuskure" daɗin ji, musamman ga dattijon ma'aikaci wanda ƙaramin yaro ne ya tsara masa jadawalin. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba, amma yadda aka faɗe shi yana da tasiri.

Ta uku, a yi amfani da kalmomin da ma'aikata suka riga suka saba da su. Rajista da maki da rahoto da sifili sun zauna a bakin jama'a, babu bukatar ƙirƙiro wasu. A rubuta da daidaitacciyar Hausa don fayil ya yi aiki ko'ina, amma a karanta wa Basakkwace a ji ko akwai kalmar da ta tsaya masa.

Ta huɗu, a bar alamar Turancin kusa da fassararta. Mai aiki da ya ga #N/A tare da "Ba a sami wannan suna a jeri ba. A duba rubutunsa, da filin da ke ƙarshensa" sau goma, ranar da ya gamu da ita a wani fayil ba zai firgita ba. Ta haka jadawali ya zama malami.

Ga sauran saƙonnin da muke ba da shawara. Ga #DIV/0!: "Gurbin da ake rabawa da shi babu kome, ko sifili ne. A cika shi." Ga #VALUE!: "An sa harafi a gurbin adadi. A cire N ko O, a bar lamba zalla." Ga #REF!: "An share layin da lissafi ya dogara da shi. A mayar da shi yanzu, kada a adana fayil." Ga #NAME?: "Jadawali bai gane sunan umarni ba. A duba rubutunsa, ko a sanar da wanda ya tsara fayil."

Tun da rigakafi ya fi magani, ya kamata a haɗa da tsarin tantance shigarwa da Excel ya tanada, wanda yake hana sa harafi a gurbin adadi, kuma yake ba da jerin sunayen garuruwa a zaɓa maimakon a buga da hannu. Shi ma ana iya rubuta gargaɗinsa da Hausa. Sai dai a sani cewa abin da aka kwafo aka manna yana iya tsallake wannan shinge, don haka bai isar ba shi kaɗai.

7.0 Kammalawa

A wannan takarda mun nuna cewa alamomin kuskure bakwai na jadawalin lissafi suna faɗin sunan matsala ne da harshen da sabon hannu bai ƙware a kai ba, kuma rufe su da sifili yana iya mayar da cibiyar da ba ta kawo rahoto ba ta zama zakara, ko ɗalibin da ya ci jarrabawa ya zama wanda ya faɗi. Mun kawo tsarin da yake barin alamar a gurbinta, ya fassara ta a gefe, ya kuma ƙirga abin da ya rage a gyara.

Abin da ya saura shi ne daidaita kalmomi. Yadda aka tattara keɓaɓɓun kalmomin nazarin harshe da adabi a ƙamusun da Farfesa Ɗalhatu Muhammad ya shirya aka buga a 1990, haka ake bukatar a yi wa kalmomin jadawalin lissafi, don kada Tambuwal ta ce gurbi, Kebbe ta ce akwati, Kano ta ce wani abu dabam. Muna kira ga Sashen Nazarin Harsunan Nijeriya na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da takwarorinsa na Kano da Zariya su haɗa kai da malaman kimiyyar kwamfuta a fitar da jeri ɗaya na saƙonni, a gwada shi a hannun malaman makaranta da ma'aikatan lafiya, sa'an nan a kawo sakamakon gaban taro irin wannan don a yi masa gyara.